Yadda Ake Ƙara Iri da Kula da Ciyawa a Filin Kiwon Dawaki a Sakkwato

Filin da dawaki suka daɗe suna kiwo a cikinsa ba ya ɓuya ga wanda ya san shi: wani gefe ya koma faƙo ko rairayi tsantsa, wani gefe kuma ciyawa ta yi tsawo ta tsufa amma doki ba ya kai bakinsa gare ta, tsakaninsu kuwa garmani da tafasa sun mamaye. Dalilin yana cikin halittar dokin kansa. Saniya da harshe take naɗo ciyawa ta tsinka, saboda haka takan bar wani abu a ƙasa, shi kuwa doki yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, yana datse ciyawa daf da tushenta, kuma yana komawa wurin da ya ji daɗi sau da yawa har saiwar ta gaji ta mutu. Ga shi ba ya cin abin da ya tsiro kusa da kashinsa, ga kofato da ke danne ƙasa. Ƙara iri a kan ciyawar da ta rage, ba tare da an kifar da filin gaba ɗaya da garma ba, ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta farfaɗo da irin wannan wuri. Sai dai a ƙasar Sakkwato, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 750 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, aikin yana da ƙurarren lokaci, kuma irin da aka watsa ba ya amfanar kowa muddin ba a shirya inda za a ajiye dawakin na wasu makonni ba.

Duba fili kafin sayen iri

Matakin farko shi ne a zaga filin da ƙafa, zai fi kyau a ƙarshen damina lokacin da kowane tsiro ya bayyana kansa, a ga me ke ciki. Idan ciyawar da doki ke ci, kamar harƙiya da burburwa da guɗe-guɗe da tuji da kyasuwa da gadagi, ta rufe rabin ƙasa ko fiye, to ƙarin iri da hutu sun wadatar. Idan kuwa mafi yawan wurin fili ne tsirara ko haki marar amfani, watsa iri kawai ɓarnar kuɗi ne, sai an yi wa ƙasar aiki sosai kamar sabuwar gona.

A lura da irin ƙasar. Jigawa tana shan ruwa da sauri ta kuma sake shi da sauri, ba ta da ƙarfi, amma saiwa tana ratsa ta cikin sauƙi. Faƙo kuwa ruwa bisa kansa yake gudu ya tafi da iri. Bakin fadama, irin wanda ake samu a kwarin Rima da wajen Kware da Wurno da ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ya fi ko'ina albarka, amma lakarsa tana lalacewa idan dawaki suka tattaka ta tana jiƙe. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da ciyawar da ta dace da shi.

Sannan a yi lissafin baki. Doki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum, wato dokin da ya kai kilo 350 zai ci wajen kilo 7 a yini, fiye da tan biyu da rabi ke nan a shekara. Kadada ɗaya (wato hekta, mita 100 sau 100) ta jigawa da ruwan sama kaɗai take dogara da shi da wuya ta ɗauki nauyin doki ɗaya shekara guda, tun da ba duk abin da ya tsiro ake bari ya ci ba. Wanda ya fahimci wannan tun farko zai ɗauki filin a matsayin abin da zai ciyar da damina da kaka, ya kuma ba da ingirici, harawa da dusa kuwa su cike rani.

Zaɓen ciyawa

Gamba ita ce ginshiƙin filin tudu a wannan yanki. Tana shekara da shekaru a wuri guda, saiwarta tana nitsewa ƙasa, tana jure rani mai tsawo da ƙasa marar ƙarfi, kuma tana cikin na farkon da ke toho da zarar iska ta fara ɗaukar danshi. Aibinta shi ne tana yin kara da wuri, idan ta girma doki ba ya waiwayarta, don haka dole a riƙa cinta ko yankanta tana ɗanya. Abin da ya tsere ya yi kara ma ba asara ba ne, masu saƙar zana suna saye. Kyasuwa ta shekara ɗaya ce, tana tashi da sauri ta rufe tsiraicin ƙasa yayin da gamba ke kafuwa, kuma tana zubar da irinta da kanta idan aka bar ta ta nuna. A wuraren da dawaki suka fi tattakawa, kamar bakin ƙofa da gefen wurin shan ruwa, kiri-kiri ce ta fi dacewa, domin yaɗo take yi tana kama ƙasa a kowace gaɓa, ba kuma irinta ake nema ba, jijiyarta ake yankowa a dasa. Ciyawar Rodis, wadda aka fi saye a buhu, tana da kyau ƙwarai ga doki kuma tana yin ingirici mai laushi, amma tana son ruwa fiye da gamba, saboda haka a Sakkwato wurinta bakin fadama ne ko inda ake ban ruwa. Kwarin da ruwa ke kwanciya wata da watanni a bar wa burgu.

Yana da kyau a haɗa da dangin wake, domin su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi su kuma ƙara wa abincin gina jiki. Gadagi tsohon abincin dawaki ne a ƙasar Hausa, kuma ana iya tara irinsa da kaka. Akwai kuma sitailo, wanda aka yi amfani da shi wajen kafa rumbunan ciyawa na makiyaya a arewacin Nijeriya tun shekarun 1980. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, ita ce sananniyar hanyar samun irin ciyawar kiwo, kuma malaman tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna kusa ga mai neman shawara.

Akwai abubuwan da suke da kyau ga shanu amma suna cutar da doki, kuma a nan ne masu karɓar shawarar makiyayan shanu kan yi tuntuɓe. Ciyawar bafel da sitariya suna ɗauke da wani sinadari da ke hana jikin doki amfana da kalsiyam, idan ya daɗe a kansu ƙasusuwan fuskarsa su kumbura, ya fara ɗingishi ba tare da rauni ba. Ɗanyen ganyen dawa da gyauronta da ciyawar Sudan suna iya taɓa mafitsara da jijiyoyin ƙafafun baya. Bishiyar lukina kuwa tana zubar da gashin geza da na wutsiya. Kada ko ɗaya daga cikinsu ya shiga filin dawaki.

Kafin a dogara da kowane iri a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 100 a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako biyu a ƙirga waɗanda suka tsiro. Irin gamba da na kyasuwa suna da gashi da ƙaiƙayi mai yawa, ba kowace ƙwaya ce ke da ciki ba, don haka ƙarancin tsiro a wurinsu ba abin mamaki ba ne, sai a ƙara yawan abin da za a watsa. Irin gamba da aka tara a Nuwamba ba ya tsiro da kyau nan take, sai ya kwana wasu watanni a busasshen wuri, wanda hakan ya yi daidai da shukar Yuli. Irin sitailo yana da taurin ɓawo: a tafasa ruwa, a sauke ya ɗan huce, a jiƙa shi kamar minti 10, a tsame a shanya a inuwa.

Shirin bazara

A watan Afrilu da Mayu ake yin aikin ƙarfi. A sassare tsohuwar ciyawar da ta bushe a tsaye, a kwashe tarkace da manjagara domin iri ya sami taɓa ƙasa, amma kada a share wurin ƙal, saboda iskar da ke gabatar ruwan farko tana kwashe rairayin da ba shi da abin riƙewa. A tumɓuke rai-ɗore da zaƙami da zurma da tumfafiya tun daga saiwa a fitar da su daga filin, domin guba ne, kuma doki ya fi saurin cin mai guba idan ya yi yaushi a ƙasa fiye da lokacin da yake tsaye.

Faƙo yana buƙatar a fasa shi. A ƙaramin wuri sassaƙa da kalme ya isa, a babban wuri kuwa a ja layuka marasa zurfi da garmar shanu a gicciye da gangare, tazarar kamar rabin mita, a bar ciyawar da ke tsakanin layukan yadda take. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi a haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na fuskantar inda ruwan ke fitowa, kamar yadda manoman jihar Tawa a Nijar suka daɗe suna farfaɗo da matacciyar ƙasa. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin layukan da ramukan. Ƙasar wannan yanki tana da ƙarancin fosfaras, wanda shi ne abincin saiwa, don haka buhu biyu na takin sufa a kadada, wato kilo ɗaya a fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, yana kawo bambanci da ido ke gani, musamman ga gadagi da sitailo.

A wannan lokacin ne kuma ake gyara shinge, kuma ba don dawaki kaɗai ba: jajayen awakin unguwa suna iya cinye sabon tsiro a yini guda. Waya mai ƙaya tana yaga ƙirji da ƙafar doki, gara waya sumul ko itace, ko a dasa dashi ya zama rayayyen shinge. A keɓe wani ɗan wuri mai inuwa da turaku inda dawakin za su zauna ana kawo musu abinci duk tsawon lokacin da filin ke rufe. Ciyawar wannan wurin za ta mutu, an san da haka, an sadaukar da ita ne domin sauran filin ya rayu.

Watsa iri

Ruwan farko a Sakkwato yana da yaudara. Yakan sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ya ɗauke mako biyu ko uku, kuma ƙwayar ciyawa da ta tsage ba ta da ajiyar da gero yake da ita, kwana kaɗan na rana ya ishe ta mutuwa. A jira har damina ta zauna, galibi daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a tona a ga danshi ya kai zurfin tafin hannu. Jinkiri ma yana da iyaka, domin abin da aka shuka bayan Yuli ba zai yi saiwar da za ta ɗauke shi rani ba kafin ruwa ya janye a ƙarshen Satumba.

Idan tsohuwar ciyawa ta riga ta taso, a bar dawaki su cinye ta ƙasa-ƙasa ko a yanke ta da lauje kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, don kada ta yi wa sabon tsiro inuwa. Wannan shi ne kaɗai lokacin da cin ciyawa daf da ƙasa yake da amfani. Daga nan a fitar da su a rufe ƙofa.

Ga ƙarin iri a kan tsohuwar ciyawa, kilo 5 zuwa 8 na Rodis a kadada ya isa, gamba mai ƙaiƙayi kilo 10 ko fiye gwargwadon abin da gwaji ya nuna, sitailo kuwa kilo 3 zuwa 5. Ga mai ƙaramin fili, kilo 10 a kadada daidai yake da giram 100 a mita 10 sau 10. A cuɗa irin da rairayi mai ɗan danshi, awo ɗaya na iri cikin awo huɗu ko biyar na rairayi, domin ya yi nauyi ya rabu daidai, iska kuma ba ta ɗauke shi ba. A raba gida biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, ɗaya rabin kudu da arewa, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, a fi ba layuka da ramuka da wuraren da suka tsiraita.

Rufewa ita ce inda aiki ya fi lalacewa. Irin ciyawa ƙanana ne ƙwarai, idan ƙasar da ke kansa ta wuce santimita ɗaya ba zai iya fitowa ba, idan kuma aka bar shi a sarari tururuwa da tsuntsaye za su kwashe shi kafin gari ya waye sau biyu. A ja reshen ƙaya a kan wurin sau ɗaya, sannan a danne, ko da takawa da ƙafa, ko a gangara durom da aka cika da rairayi, ko a kora garken tumaki su ratsa sau ɗaya su fita. Dannewar ce ke manna ƙwaya da danshi.

Wanda ya rasa irin gamba mai kyau yana da wata hanya da ta fi tabbas a ƙaramin fili. A cikin marka, a farkon Agusta, a haƙo tsohon tushe, a tsaga shi gida-gida kowanne da saiwarsa, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa da tazarar rabin mita zuwa mita guda. Jijiyar kiri-kiri ma a lokacin ake binne ta, a bar kanta a waje.

Makonnin rufe fili

Mako uku zuwa huɗu bayan tsiro a shiga cire haki da hannu, tun garmani da tafasa da kashin yawo da tsidau ba su yi fure ba. Ƙarangiya tana ciwuwa tana ɗanya, amma idan ta yi 'ya'ya tana cika geza da wutsiya ta kuma soki baki, don haka a rage ta da wuri. Maganin feshi mai kashe faffaɗan ganye yana kashe gadagi da sitailo tare da hakin, shi ya sa hannu ya fi a filin da aka haɗa su. Idan tsohuwar ciyawa ta sake yin tsawo, a sare samanta kawai.

Idan sabuwar ciyawa ta kai tsawon yatsa biyu a jere, ana iya ba ta yuriya, buhu ɗaya a kadada, wato rabin kilo a mita 10 sau 10, a kan ƙasa mai danshi kuma ganye a bushe. Inda dangin wake suka yi yawa a rage, don yawan yuriya yana sa ciyawa ta danne su. Yuriya guba ce ga dabba idan ta lashe ta, saboda haka kada a bar buhu ko tarin ƙwayoyi a fili, kuma ko a tsohon fili ba a mayar da doki sai ruwa ya narkar da ita sarai.

Kada doki ya shiga kafin mako takwas zuwa goma, kuma ko a lokacin sai an gwada: a kama ganye da yatsu a fizga kamar yadda haƙori zai yi, idan ganyen ya tsinke to saiwa ta kama, idan tsiron ya fito da saiwarsa a ƙara jira. A ganina, gamba da aka shuka daga iri bai kamata a kiwata ta a shekararta ta farko ba sam. A bar ta ta yi kai ta zubar da iri a Oktoba da Nuwamba, a yanki kaɗan daga kyasuwa a kai wa dawaki a turke. Mai doki zai ji nauyin sayen harawa a wannan shekarar alhali ga kore yana kallo, amma a nan ne akasarin filayen da aka farfaɗo suke komawa gidan jiya.

Kiwo bi da bi

Idan fili ya kafu, a raba shi gida huɗu ko fiye, dawaki su yi kamar mako guda a kowane gida, wanda zai ba kowane yanki hutun mako uku zuwa huɗu da damina. Tsawon ciyawa ne ma'auni, ba kwanan wata ba. Rodis da gajerun ciyayi a shiga suna santimita 20 zuwa 25, a fita sun rage 8 zuwa 10. Gamba a shiga ta kai gwiwa, a fita da sauran kamar taƙi ɗaya. Ganyen da aka bari shi ke ciyar da saiwa ta sake toho. Mai ɗaure doki a turke da doguwar igiya shi ma yana iya bin wannan tsari, ta hanyar matsar da turken kullum, kada ya dawo gurbin farko sai wata ya zagayo.

Dokin da ya yi watanni yana cin busasshen abinci ba a sake shi cikin ɗanyar ciyawa yini guda cur, domin hakan yana kawo zawo da ciwon ciki, wani lokaci har zafin kofato. A fara ba shi harawa ya ci, sannan a sake shi rabin awa zuwa awa ɗaya, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu. Bayan ruwa mai ƙarfi a bar su a turke har laka ta tsane. A bakin fadama a dawo da su barga kafin faɗuwar rana, saboda ƙananan ƙwari masu cizo da ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka sun fi tashi da magariba da asuba a wurare masu danshi, a kuma riƙa duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya.

Kashi a kwashe shi da baro sau biyu a mako da damina. Wannan yana rage tsutsar ciki da ke hawa ganye daga kashin, yana kuma hana wuraren da doki ke ƙyama su faɗaɗa. A tara shi a rami a riƙa jiƙawa ana juyawa wata uku ko fiye, zafin ruɓewa ya kashe ƙwan tsutsa da irin haki, sannan ya koma filin da bazara. Bayan dawaki sun bar wani yanki, tumaki ko shanu kaɗan na kwana biyu suna share abin da suka ƙi, kuma yawancin tsutsotsinsu ba iri ɗaya ba ne. Jaki kuwa ɗan uwan doki ne a wannan fanni, tsutsarsu ɗaya. Abin da ya rage a tsaye a sare shi da lauje ya yi daidai da sauran.

Kaka da rani

A tsakiyar Satumba a keɓe yanki ɗaya ko biyu don ingirici, a yanka lokacin da ciyawa ta fara fitar da kai, kafin ta yi kara. A shanya kwana biyu zuwa uku ana juyawa, a ɗaure a ɗora a kan rumfa nesa da gara da rana, domin wanda ya kasance kore-kore bayan bushewa shi ne mai amfani. Wanda ruwa ya doka ya yi fumfuna a zubar da shi a ramin taki, ƙurarsa tana sa doki tari, cinsa kuma yana ɓata ciki. Kowace shekara a bar wani yanki dabam ya zubar da iri, tun da kyasuwa da burburwa da gadagi da haka suke dawowa.

Da hunturu ya shigo a share hanyar tare wuta mai faɗin mita uku zuwa huɗu a kewaye. Ƙona fili da gangan ba shi da wuri a jigawar Sakkwato, yana cinye irin da ya zuba ya bar ƙasa ga iska. Daga Fabrairu zuwa saukar ruwa a rage kiwo sosai ko a rufe filin, saboda dokin da ke kalar guntayen ciyawa a kan rairayi yana haɗiye ƙasa, ta taru a hanjinsa ta zama ciwon ciki mai wuyar magani. Saboda wannan dalilin ne kuma ake zuba harawa da dusa a kwami ko a kan tabarma, ba a ƙasa ba. Tohon farko na gamba a watan Mayu da Yuni daga ajiyar saiwa yake fitowa, don haka a bar shi ya kai gwiwa kafin a buɗe ƙofa, wuraren da suka sake tsiraita kuma a yi musu alama da turaku domin a ƙara musu iri a Yuli.